Tambaya da Amsa: Ina son zama a bakin teku a Accra

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Na zo Accra biki na yi mako guda, iskar teku da kwanciyar hankalin garin suka shiga raina. Ina so in dawo da zama, in kama gida dab da ruwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya ja hankalinka gaskiya ne. Zafin Accra ba ya kama ƙafar na Kano a watan Afrilu, Agusta ma har da ɗan sanyi. Ga ɗanyen kifi, ga Hausa a Nima, Maamobi, Madina da Sabon Zongo, inda za ka karya da koko da ƙosai kamar kana gida.

Sai dai iskar nan da ta yi maka daɗi, gishiri take ɗauke da shi. Ka zaga Labadi, Teshie ko Nungua ka dubi ƙofofin ƙarfe da kwanon rufi, za ka ga yadda tsatsa ta ci su. Haka take cin bayan firji, da injin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, da ƙarƙashin mota, har kwaɗon ƙofa ya ƙi buɗuwa. Ga kuma danshi. Takalmin fata ko babbar riga in ka kulle su a kabad, sai ka tarar sun yi funfuna. Shawararmu ka ja baya da ruwan, ko da kilomita uku ne ko huɗu, ka riƙa zuwa shan iska ranar hutu. In ka nace sai bakin teku, nemi gida mai tagogin alminiyam masu kallon juna don iska ta ratsa, ka riƙa wanke ƙarƙashin mota da ruwan famfo duk mako.

Gida kuwa, a watan Yuni ake dubansa, lokacin da damina ta kankama. Ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, da gobarar gidan mai a Circle (shataletalen Kwame Nkrumah da ke cikin Accra) sun ci rayuka fiye da 150, kuma har gobe unguwannin da ke bin kogin Odaw, irin su Alajo, suna fama da ambaliya. Ka duba shatin ruwa a jikin katanga. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, kwana nawa famfo ke kawo ruwa a mako, sannan ka tabbata akwai tanki da mitar wuta taka ta kanka. Dokar haya ta 1963 ta ce kada kuɗin da ake biya tun gaba ya wuce na wata shida, amma masu gidaje na neman na shekara ɗaya ko biyu. Ko nawa kuka daidaita, ka danƙa wa mai gida hannu da hannu, da rasit da rubutacciyar yarjejeniya.

Fasfon ECOWAS da katin rigakafin ciwon shawara za su shigar da kai na kwana 90. Bayan nan sai izinin zama daga hukumar shige da fice, da Ghana Card, wato katin shaida, na baƙi, wanda ake sabuntawa duk shekara. Da shi ake rajistar layin waya da buɗe asusun banki.

Inda muka fi jiye maka shi ne sana'a. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa, da tireda, da talla, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan Ghana 20 aiki. A kan wannan aka sha garƙame shagunan 'yan Najeriya a Circle da Suame Magazine, kasuwar kayan gyaran mota ta Kumasi. Kafin ka biya ko sisi na haya, ka zauna da lauya ya duba irin kasuwancinka da matsayin dokar a yau.

Tambaya: Mijina yana aiki a Tema, muna son sayen fili. Ya halatta ga baƙo?

Amsa: Hajiya, tsarin mulkin 1992 bai ba baƙo damar mallakar fili har abada ba, haya ce wadda ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda. Ana yawan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, don haka ku kai taswirar filin Hukumar Filaye a bincika sunan wa ke kai kafin kuɗi su fita daga hannunku.