Me Ya Sa Ake Sare Itatuwa Don Ceto Malam-Buɗe-Littafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina karatu a birnin Bristol da ke Ingila, kuma an gayyace ni aikin sa-kai a kan wani tudu da ke yankin Samaset, domin kare wani shuɗin malam-buɗe-littafi da aka ce ya taɓa ɓacewa daga ƙasar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne aikin da za a ba mu, wato sare ƙananan itatuwa da ƙayoyi, sannan a saki shanu su cinye ciyawar wurin. Mu da muka tashi ana yi mana nasihar dasa itace saboda kwararowar hamada, yaya za a yi saran itace ya zama kare halitta? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki karɓi gayyatar da hannu bibbiyu, domin gyara za ki je yi, kuma tarihin wannan ƙwaro da kansa ne zai gamsar da ke.

Ga dukkan alamu wanda ake nufi shi ne wanda Turawan Ingila ke kira Large Blue, kuma rayuwarsa tana rataye ne a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne tayim na daji, ɗan'uwan wanda ake zubawa a miya, wanda a kan furensa macen ke saka ƙwai a watannin Yuni da Yuli. Na biyu kuwa wata jar tururuwa ce mai suna Myrmica sabuleti. Idan tsutsar ta ƙyanƙyashe, takan yi kamar mako uku tana cin furen, sannan ta saki jiki ta faɗo ƙasa ta jira. Jikinta yana fitar da wani ƙamshi mai kama da na 'ya'yan tururuwar, saboda haka idan tururuwa ta iske ta sai ta ɗauka ɗiyarta ce ta ɓata, ta ɗauke ta a baki ta kai ta cikin gida. A can tsutsar za ta zauna wajen wata goma tana cinye 'ya'yan masu masaukinta, har ma tana yin sauti irin na sarauniyarsu domin a ƙara girmama ta. Sai shekara ta zagayo take fitowa da fukafukai, ta rayu 'yan kwanaki kaɗan.

To, ita wannan tururuwa ba ta son sanyi. Tana buƙatar gangaren tudu mai fuskantar kudu, mai gajeriyar ciyawa, inda rana ke dukan ƙasa kai tsaye. Da zarar ciyawa ta ƙara tsawon 'yan santimita, ko ƙayoyi suka yi inuwa, sai ƙasa ta yi sanyi, tururuwar ta ƙaura, wata danginta mai jure sanyi ta gaje wurin. Ita ma sabuwar takan ɗauki tsutsar, amma yawanci sai ta gane baƙuwa ce ta kashe ta.

Shekaru da yawa babu wanda ya san cewa a kan wannan nau'in tururuwa ɗaya ƙwaron ya dogara. An ɗora laifin raguwar ƙwaron a kan masu kama shi don ajiyewa a cikin akwatunan gilashi, don haka aka kewaye wasu wuraren da shinge. Niyyar mai kyau ce, amma shingen da ya hana ɗan Adam shiga shi ne kuma ya hana tumaki da shanu kiwo. Ana cikin haka, a shekarun 1950 wata annoba ta karkashe zomayen daji waɗanda su ma suke rage ciyawar, manoma kuma suka daina kai dabbobi kan tudun da ke da wuyar hawa. Wani masanin ƙwari mai suna Jeremy Thomas ne ya tare a gindin ragowar ƙwarin a yankin Dartmoor cikin shekarun 1970, yana bin tururuwa gida-gida, har ya gano sirrin. Sai dai ya gano shi a makare, domin a 1979 aka tabbatar ƙwaron ya ƙare a Birtaniya baki ɗaya.

A farkon shekarun 1980 shi da abokin aikinsa David Simcox suka kawo iri daga tsibirin Öland na ƙasar Suwidin, amma sai da aka fara gyara wa tururuwar muhalli kafin a saki ko da tsutsa ɗaya. Wannan tsari shi ake bi har yau. A filin Rodborough da ke Gloucestershire, bayan an yi shekaru ana saran ƙayoyi ana kiwo bisa tsari, an saki tsutsa 1,100 a 2019, kuma a 2020 aka ƙiyasta cewa kimanin 750 sun tashi, a wurin da aka yi shekara 150 ba a ga ko ɗaya ba.

Kin ga ke nan damuwarki da nasihar da kika tashi da ita ba su saɓa wa juna ba. A yankunanmu na Sahel itace ne ke ƙaranci, shi ya sa dasa shi ya zama wajibi. A tudun Samaset kuwa buɗaɗɗen fili mai gajeriyar ciyawa ne ke ƙaranci, kuma idan aka ƙyale shi, cikin 'yan shekaru sarƙaƙiya za ta rufe shi. A ganina wannan shi ne dalilin da ya sa aikin 'yan sa-kai yake da nauyi, tunda ba aiki ne da ake yi sau ɗaya a huta ba, kuma ma'aikatan da ake biya ba za su iya shi su kaɗai ba.

Saran yakan kasance da kaka da hunturu, lokacin da tsuntsaye ba su sheƙa, don haka ki tanadi rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi, domin tudun akwai santsi. Yawanci za a ba ki zarto da safar hannu a wurin. Ki sare abin da shugaban aiki ya nuna kawai, saboda ana barin wasu kurmi da gangan don su kare iska kuma su zame wa wasu halittu mafaka. Idan kin sami damar komawa a watan Yuni, ki ziyarci tudun Collard Hill da ke Samaset, wanda ƙungiyar National Trust ke kula da shi kuma take buɗe wa jama'a. A lokacin ana buƙatar masu ƙirga ƙwarin da masu yi wa baƙi jagora, kuma doka ta hana kama shi ko taɓa ƙwansa, saboda haka ki tsaya a kan turba kada ki tattake tayim ɗin da ya saka ƙwai a kai.