Me ya sa bariyom taitanet ɗina ya fito kubik?

Ɗan'uwa, ka ce ka gasa tangaran na bariyom taitanet (BaTiO₃), wanda babu dalma a ciki, amma XRD, na'urar auna tsarin kiristal da hasken X-ray, ta nuna maka siffar kubik (tsawo da faɗi duk ɗaya) a zafin ɗaki, alhali tetiragonal (tsawo ya bambanta da faɗi) kake tsammani.

Tsammaninka daidai ne. Sai zafi ya kai wajen digiri 120 na Selsiyos yake komawa kubik, halinsa na feroelektirik (wato rarrabuwar cajin lantarki a cikinsa da kansa) ya ɓace. Ƙasa da haka tetiragonal ne har wajen digiri 5, sannan otorombik, sai rombohedral wajen 90 ƙasa da sifili.

Inda gizo ke saƙar shi ne bambancin ɗan mitsitsi ne: tsawon ɗakin kiristal, wato ƙaramin tubalin da ke maimaituwa a cikinsa, ya ɗara faɗinsa da kusan kashi 1 cikin 100 kacal. In hasken na'urarka na jan ƙarfe ne, duba tsinin da ke kusa da kusurwar digiri 45 (2θ) a jadawalin sakamakon, ya kamata ya rabu biyu in tetiragonal ne. Ni ma na taɓa aunawa cikin gaggawa, biyun suka haɗe suka zama tudu guda, na ɓata sati ina zargin tanda. Rage gudun na'urar. Ƙanƙantar ƙwayoyi ma takan dusar da rabuwar.

In abin ya ƙi, gwada Raman, wato aunawa da hasken leza, nemi tsini kusa da 305 cm⁻¹, alamar tetiragonal, sannan ka kai sakamakon wurin wanda ya iya nazarin Rietveld, hanyar daidaita dukkan sakamakon XRD da lissafi.