Likita ya bar harsashi a cinyar maigidana

Assalamu alaikum Anti. 'Yan bindiga sun tare motar su maigidana a hanyar dawowa daga kasuwa, harsashi ya same shi a cinya. A asibiti suka wanke ciwon, suka ɗauki hoto, suka ce ƙashi bai taɓu ba, aka sallame mu harsashin na ciki. Abin da ya fi ƙona min rai, wanda aka kawo su tare ɗan rami ne kamar ƙwayar gyaɗa a cikinsa, ko jini ba ya fita, amma shi aka ruga da shi tiyata, namu yana kwance jini ya jiƙa wando. Yanzu Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce don ba mu da kowa ne, za ta kai shi wurin wani mai ciro harsashi a ƙauye. Ina jin nauyinta. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya.

Ba a wulaƙanta ku ba. Likita ba girman rami yake aunawa ba, abin da harsashi ya ratsa yake nema. Wancan bawan Allah, hanji, hanta ko saifa na iya fashewa, jini yana taruwa a ciki ba mai gani. Shi ya sa harbin ciki, ƙirji, wuya da kai ke sahun farko. A cinya kuwa sai su duba ko jini na bugawa a ƙafar, ko yatsu na motsi, ko ƙashi ya karye. Suna kuma tambayar irin bindigar, domin harsashin AK-47 yana fita da gudun mita 700 a daƙiƙa, yana dagargaza nama har nesa da hanyarsa.

Harsashin da ya kwanta cikin tsoka sau da yawa barinsa ake yi, tonon ya fi shi ɓarna, ga babbar jijiyar jini a cinya. Sai in yana cikin gaɓa, ko ya danne jijiya, ko ya tara mugunya ake cirewa. Kada a bari kowa ya sa masa aska.

In ƙafar ta yi sanyi, ta kumbura, ta mutu, ko ciwon ya fara wari da zazzaɓi, ku koma asibiti a ranar. Dokar 2017 ta hana asibitocin Najeriya jiran takardar 'yan sanda kafin su duba wanda aka harba.

Hajiya kuwa, tsoro ne irin na uwa. Kada ki ja da ita. Ki sa yayansa ko kawunsa ya raka ta wurin likitan, ya nuna mata hoton da idonta.