Barista, kafin ki biya kuɗin manhajar nan

Assalamu alaikum. Barista ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki a zauren nan namu na lauyoyi, na fara rubutu na goge har sau biyu, don tsohon miki kika fama min. Kin ce makon jiya saura ƙiris a kori ƙararki saboda an ɗage ta ranar da ba kya nan kuma akawunki bai rubuta ba. Yanzu ga wani ya zo ofis yana tallata miki manhajar da za ta riƙe fayiloli, ta tuna miki ranakun zama, har ma wai ta shigar miki da takardu kotu, a biya kuɗin shekara. Kina tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwadawa. Ni na gwada. Jiki magayi.

Mu ma a irin wannan halin aka same mu, muna neman mafita ido rufe. Kun tuna yajin aikin JUSUN, ƙungiyar ma'aikatan kotuna, na 2021, tun 6 ga Afrilu kotuna a garƙame har cikin watan Yuni. Da aka buɗe, ranakun kowa sun watse, akawuna kullum yana kan mashin tsakanin kotunan Dogarawa da Chediya a nan Zariya yana neman sabbin ranaku, dayarina ya koma kamar allon makarantar da yara suka yi wa wasa, nan gogewa can kibiya. Ana cikin haka wani matashi ya hawo benenmu a PZ, kwat da taye cikin zafin nan, kwamfuta a hammata. Baki kamar zuma. Yallaɓai kaza, Yallaɓai kaza. Ya buɗe abin ya nuna min: ka sa lambar ƙara, ka sa kotu, ka sa ranar da aka ɗage, saura kwana uku saƙo ya shigo wayarka, ya shigo wayar wanda kake wakilta. In hukunci ne ta ƙirga maka kwanakin ɗaukaka ƙara. Wallahi abin ya burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Naira dubu 180 a shekara. Ya miƙo yarjejeniya shafi huɗu, na sa hannu ban karanta ba. Ni da nake cajin mutane kuɗin karanta musu yarjejeniya! Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Shekara biyu da wani abu ta yi aiki lafiya lau, kuma nan ne aka cuce mu. Da dai tun farko tana ba da matsala, da mun riƙe dayari. Sai muka saki jiki. Dayarin 2023 na saya, ban rubuta komai ba bayan watan Fabrairu. Na 2024 ko saye ban yi ba. Abin da ya fi muni, muka daina rubuta ranar ɗagewa a bangon fayil, abin da tsohon maigidana a Sabon Gari yake kusan marin mutum a kansa lokacin da muka fito daga tsangayar shari'a ta ABU da ke Kongo muna koyon aiki. Lauya ya fito daga kotu, ya danna a waya, shi ke nan.

Ranar Litinin da aka tashi da azumin 2024 na buɗe kwamfuta in ga abin da ke gabanmu a makon, sai farin shafi. Na ce sabis ne. Na sauya layi. Farin shafi. Fayil ɗari da arba'in da wani abu, kowanne da ranarsa, babu ko ɗaya a takarda. Na kira yaron, waya a kashe. WhatsApp alama ɗaya. Na tura akawu Kaduna, adireshin da ke kan yarjejeniyar, ya tarar da shagon ɗinki. Shagon ɗinki fa. Telan ya ce wata takwas ke nan da ya kama wurin.

Daga baya muka gane abin da ya faru. Ashe duk bayananmu suna cikin wani rumbun ajiya da ya kama haya a intanet a ƙasar waje, da dala yake biya. Mu muna ba shi naira. Kun san yadda aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 farkon 2024. Kuɗin haya ya ninka masa sau uku, ya daina biya, masu rumbu suka rufe. Har nan zan iya yi masa uzuri, kowa ya ji a jikinsa a lokacin. Abin da ba zan yafe ba, a watan Janairu ya zo da ƙafarsa ya karɓi kuɗin sabuwar shekara, ya sha lemo a ofishina, ya tambayi lafiyar iyali, alhali ya san bashi ya kai masa wuya. Kalma ɗaya ce, Yallaɓai ku kwashe bayananku. Bai faɗa ba. Kuma a cikin azumin nan da nake neman sa kamar ruwa a jallo, wani abokina ya turo min hotonsa a wajen buɗa-baki a wani otal, ya sha babbar riga yana dariya. Bayan mako uku ya kunna waya, abin da ya fara rubuto min shi ne in tura dubu 250 a buɗe rumbun. Ko sannu babu. Da na koma na karanta shafi huɗun nan, sai ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro, ba shi da alhakin duk wani bayani da ya salwanta. Da sa hannuna a ƙasa.

Mako biyu muka yi ba mu yi aikin komai ba sai tattara ranaku. Da ƙishirwa da ranar Maris ta Zariya muna bin rajista ɗaya bayan ɗaya, muna roƙon magatakarda su buɗe mana littafi, muna kiran lauyoyin ɗaya ɓangaren muna tambaya cikin jin kunya, don Allah yaushe aka ɗage shari'armu. Allah ya saka wa waɗanda suka taimaka, wasunku suna nan suna karantawa. Mun ceto kusan duka. Guda ɗaya ta kuɓuce.

Wani dattijo ne daga wajen Soba, rikicin gonar gado. Alhamis ɗin da ta rage kwana huɗu a kama azumi kotu ta ba da odar hana shi shiga gonar har a gama shari'a. Ina Kaduna ranar, ƙaramar lauyar ofishina ce ta riƙe min. Ta kira ni, na ce za mu ɗaukaka, ki sa a manhaja, ki nemi kwafin hukuncin. Ta sa. Kwana 14 ne wa'adin ɗaukaka irin wannan oda, kun sani, sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma tunda oda ce ta hani ko izini ba ma buƙata, sashe na 241 na kundin tsarin mulki ya ba mu kai tsaye. Aikin awa ɗaya. Manhaja ce za ta buga mana ƙararrawa. Ta mutu ranar Litinin. Fayil ɗin yana da ranar zama ta gaba a cikin watan Mayu, don haka da muna tattarawa muka ajiye shi cikin waɗanda aka gama da su. Ita ƙaramar lauyar tana jiran kwafi tana zaton ni na rubuta sanarwar ɗaukakawa, ni ina zaton tana hannunta.

Ranar kwana na goma sha takwas Baba ya hawo benen nan yana haki, da azumi a bakinsa, ya jingina sandarsa a bango, ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da kullum ina ce masa ya bari. Ya zaro kuɗi daga aljihun 'yar ciki, ƙulle a leda baƙa, ya ce ya sayar da tumaki biyu, ga na ɗaukaka ƙara a Kaduna da na ce. Ina jin ya ce Kaduna cikina ya ɗuri ruwa. Na jawo kalanda ina ƙirgawa da yatsa, na sake ƙirgawa, kamar in na maimaita za su ragu. Na yi masa bayani, na kawo maganar intanet, na kawo maganar dala, na kawo maganar yaron da ya gudu. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "To Barista, injin ne ya manta, ko kai?"

Har yau ban ba shi amsa ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da ledar aljihu, ya sake fito da ita, ya ajiye a teburina ya ce a yi abin da ya dace.

Na san wani babba a nan zai ce ai ko da mun shigar a kan lokaci, kafin a haɗa kundi a saurara damina ta wuce. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma da takarda a gaban kotun sama da ina da bakin neman a sassauta odar, ko in zauna da ɗaya ɓangaren a yi sulhun noman shekarar. Na je hannu rabbana. Sai da muka nemi ƙarin lokaci, kuma kun san sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili a takardar rantsuwa. Na zauna da dare na rubuta da hannuna cewa sakacin lauya ne, kada a ɗora wa mai shari'a. Shekara goma sha shida ina aikin nan ban taɓa rubuta layin da ya yi min ɗaci kamarsa ba. Kuɗin zirga-zirgar daga aljihuna na biya, na mayar masa da na tumakinsa. Gonar dai ciyawa ce ta ci ta a shekarar.

Kin ga na yi nisa. To ga abin da zan ce miki. Ki tambayi mutumin naki, in na so kwashe bayanaina yau, ta yaya? Kada ki yarda da "ai akwai". Ya danna a gabanki, su sauko a Excel, ki buɗe a kwamfutarki intanet a kashe. In ya fara kame-kame ki raka shi bakin ƙofa. Ki tambaye shi ina rumbun yake, da sunan wa, da wane kuɗi ake biya. Kuma kada ki biya shekara. Wata-wata.

Maganar wai za ta shigar miki da takardu kotu kuwa, nan nake so ki buɗe ido. Manhajar ofis daban, ƙofar kotu daban. Ya faɗa miki wace rajista ce take karɓa daga wajensa. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun tanadi shigar da takardu ta intanet, to amma ta hanyar kotun ne, ba ta ɗan kasuwa ba. A kotunan tarayya an daɗe ana biyan kuɗi ta manhajar Remita. Kotunan da ni da ke muke safa da marwa kullum kuwa, ni dai akawuna da ƙafa yake kai takarda, a ƙiyasta kuɗi, a biya, a buga hatimi. Ranar da ke kan rasit da hatimin nan ita alƙali zai duba, ba ranar da kika danna wani abu a ofis ba. Af, in ba ki buɗe imel ɗin nan na lauyoyi da aka ƙaddamar a 2018 zamanin Mai Shari'a Onnoghen ba, ki buɗe, zai yi miki rana in aiki ya kai ki sama.

Na waje irin su Clio na Kanada suna da kyau, amma dala ce duk wata a kan kowane mutum ɗaya, kuma ƙirgar kwanakinsu a kan dokokin kotunan Amurka aka gina ta, ba ta san kwana 45 na takardar hujjojin mai ɗaukaka ƙara a wajenmu ba sai kin koya mata. LawPavilion tamu ce ta gida, ni don binciken hukunce-hukunce nake amfani da ita, suna da ɓangaren tafiyar da ofis ma, ki nemi su nuna miki. Ko wa kika zaɓa, tambayar ɗaya ce, ya zan kwashe kayana.

Sannan sirrin mutane. Har yanzu ban san inda takardun saki da na gado na mutanen da suka amince min suke ba, ko an goge, ko suna hannun wani. Wannan ma yana hana ni barci, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana nan. In akawu ya bar aiki, ranar ki sauya kalmar sirri.

Shi kuma akawun naki kada ki kore shi. Ki zaunar da shi ki ji nawa yake kashewa a mai daga Samaru zuwa ofis, ki duba abin da kike ba shi. Muna son su riƙe mana ranaku ɗari a ka, muna biyan su abin da ba ya kai su ashirin ga wata. Nawa shi ya ceto ni a azumin nan, don ashe yana da ɗan littafinsa na aljihu da yake rubuta ranaku saboda lissafin kuɗin mashin, daga ciki muka samo fiye da rabi.

Yanzu abin da muke yi, duk wanda ya fito daga kotu ba ya hawa mashin sai ya rubuta rana a bangon fayil da jan biro. Ya dawo ofis ya sa a babban dayari, sannan a Google Calendar da mu huɗu muke gani, kyauta. Takardu mu yi musu sikanin da waya, sunan kowacce lambar ƙara da kwanan wata, suna Google Drive, duk Juma'a kafin masallaci a kwafe a filashi in tafi da shi gida. Duk hukuncin da ya fito, ƙwarya-ƙwarya ko na ƙarshe, ni da kaina nake ƙirga kwanakin in rubuta a allon da ke bayan kujerata, da sunan wanda zai rubuta sanarwar a gefe.

Ranar Talata ina Dogarawa da safe. In za ki shigo ki zo da filashi in zuba miki teburin Excel ɗinmu, ki kuma taho da yarjejeniyar da mutumin ya ba ki mu karanta tare kafin alƙali ya zauna.