Tsoron nan naka, ka ba shi aiki a ƙafar dama

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna kwashe kayan aiki, na kwana da ita. Ka ce kana so ka iya ɗaga tayar gaba ka tafi a kan ta baya kaɗai, irin yadda samari ke yi ranar rakiyar amarya, amma da gaban babur ya ɗan tashi sai naka gaban ya faɗi, ka saki komai. Ka ce in ba ka maganin tsoro. Dariyar da na yi ba ta raini ba ce.

Maganin tsoro ba ni da shi, da ma ina da shi ba zan ba ka ba. Ko damina ɗaya ba ka yi a kan babur ba. Ƙarfen da kake so ka tsayar a kan taya ɗaya ya haura kilo 100, in ya dawo ta baya kuwa a ƙirjinka zai sauka. Tsoron nan gaskiya yake gaya maka. Abin da ya rage shi ne ka san me za ka yi idan ya zo.

Ka lura da abin da ke faruwa a jikinka. Gaba na tashi, sai ka zame baya a kan kujera. Kana zamewa, hannunka zai damƙe kan babur don kada ka faɗi, hannun dama kuwa totur yake riƙe da shi. Ka ga ka ƙara wuta ba da niyya ba, gaba ya ƙara tashi, kai kuma ka ƙara damƙewa. Haka ake kifewa, kafin ka ce bismillah an gama. Wani kuma tsoro ƙafafunsa yake saukarwa, ya yi ta jan su a ƙasa kamar zai tsayar da jaki. Wannan ya fi muni, don ƙafar da ta bar feda ta bar birki, birkin baya kuwa shi kaɗai ne zai cece shi. Tayar gaba tana sama, birkinta ba ya tsinana maka komai. Amma ka ɗan taɓa na baya, taɓawa kawai, nan take gaba zai sunkuyo ƙasa ko da ya yi tsaye kamar dokin Sallah.

To ka ga inda aikin yake. Ƙafarka ta dama za ka koya wa, har ya zama idan gabanka ya faɗi ita ce ke fara motsi kafin kanka ya yi tunani.

Ka fara da keken ƙanenka. Kar ka ji kunya, keke in ya kayar da kai ƙura kawai za ka kakkaɓe. Ka ɗaga gaba, ka matse birkin baya, ka ji yadda yake saukowa. Nan za ka san wurin da nauyi ke tsayawa daidai, bai rinjaya gaba ba bai rinjaya baya ba.

Kafin ka koma kan babur, kai bakanike ne, ka duba shi kamar na mai kawo gyara. Baburan da ke shigo mana nan, Kasea ne, Haojue ne ko Boxer, yawancinsu birkin baya na sanda ne mai noti a ƙarshe. Ka ɗaure notin har birki ya riƙa kamawa da ɗan taki kaɗan, ba sai ƙafa ta kai ƙasa ba. Sarƙa kada ta yi sako-sako kuma kada ta ɗaure tamau, wasan yatsa biyu ya isa. Wayar totur ta riƙa komawa da kanta da ka saki, in tana maƙalewa ka sa mata mai ko ka canza ta. Sannan kai kanka: kaski, wato hular kwano, a ɗaure a haɓa, takalmi rufaffe, dogon wando mai kauri. Silifas ɗin nan naka zai tsaya a gareji. Ka san tabon da ke ƙwaurina, salansa ce ta yi shi.

Wuri ma abin dubawa ne, don Maraɗi garin rairayi ne. A cikin yashi taya sai ta yi ta juyawa a banza, kana ƙara wuta, can ta taka wuri mai tauri ta kama gaba ɗaya, ta wurga ka. Fili mai tsauri za ka nema, shimfiɗaɗɗe, babu yara babu awaki. Bakin Gulbi ba wurin koyo ba ne, hanyar Ɗan Isa kuwa da manyan motocinta kada ma ka sa ta a ranka.

Giya ta ɗaya, tafiya kamar ta mai sauri da ƙafa. Ka ɗan ja zamanka baya, gwiwoyi su matse tanki, don su ne za su riƙe ka, hannu ya samu sakewa. Tafin ƙafar dama yana kan birki tun kafin a fara. Ka ja kuloci da yatsu biyu, wato ambiriyajin da kuke cewa, ka ɗan ƙara wuta, ka sake shi da sauri. Injin 125 ba shi da ƙarfin da zai ɗaga kansa da totur kaɗai, kulocin ne ke ba shi wannan fizgar. Gaba zai tashi taƙi ɗaya. Taƙi ɗayan nake so. Yana tashi, ka taɓa birki, ya sauka. Ka sake. Ko da ka ga zai sauko da kansa, ka taɓa birkin, don ƙafar muke koya wa, ba tsayi muke nema ba. Ka yi haka har ya gundure ka, ka kwana, gobe ka sake. Idonka can gaba, kada ka tsaya kallon taya. Wajen sauka kan babur ya kasance a miƙe, kuma kada ka kashe wuta gaba ɗaya, ka bar kaɗan don gaba ya sauka a hankali. Tayar da ta sauka a karkace sai ta kaɗa ka gefe.

Ranar da ka ji tsoron ya tafi gaba ɗaya, ranar ka fi kusa da mai ɗori. Ni haka ta same ni. Ina yaron gareji kamarka, na iya taƙi biyu, na ɗauka na gama. Wani ɗan kabu-kabu ya kawo nasa a canza masa buji, ya tafi masallaci. Na ce bari in gwada shi. A bayan gareji na ɗaga, abokaina suna ihu, na waiwaya in ga ko suna kallo, ƙafata tana lilo nesa da birki. Fitilar baya ta tarwatse, lamba ta lanƙwashe, wuyan hannuna ya goce. Mutumin ya dawo bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi da maigidana, “Da wannan nake ciyar da gida.” Wata uku ana cire kuɗin daga ɗan abin da nake samu, amma maganar ta fi kuɗin ciwo.

Shi ya sa babur ɗin da aka kawo gyara ba za ka ɗaga shi ba ko ina nan ko ba na nan. Kai da kanka ka sha kwance irin ɓarnar: shokozoba na gaba yana yoyon mai, boris ɗin wuya ya lotsa har kan babur yana ƙas-ƙas, faifan kuloci ya ƙone yana wari, haƙoran sarƙa sun kwanta gefe ɗaya. In aka daɗe a tsaye ma baƙin mai baya yake gangarewa, injin yana gudu da ƙishi. Mai shi ba zai gani yau ba, sai bayan wata guda ya dawo yana cewa aikinmu ne bai yi kyau ba.

Rakiyar amarya kuma ba da yawuna ba. Can akwai goyo, akwai mata a gefen hanya, ga wanda ke bayanka bai san za ka taka birki ba.

Tsohon babur ɗin nan da ke jingine bayan bencin aiki nawa ne. Ranar Lahadi da safe, kafin rana ta yi zafi, za mu fita da shi. Yau in mun gama da injin da ke ƙasa, ka jawo shi ka gyara birkin bayansa, ni zan taka in ji kafin in ba ka makulli.