Ga ɗan'uwan da ke ba da doki a f7 a wasan ches ana cinye shi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka ta daren jiya: kana sadaukar da doki a f7 (gidan sojan da ke kusa da sarkin baƙi a allon ches), ka jawo sarkin mutum tsakiyar allo, sai cek (wato harin kai tsaye ga sarki) ya ƙare maka, a cinye ka, har ka fara tunanin ko ka haƙura da gambit, wato sadaukar da soja ko doki a farkon wasa don samun damar hari. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na ɗan lokaci, don ciwon da ke damunka na san shi.

Nawa ya faru ne a wata majalisa a Sabon Gari, bayan la'asar, mutane sun kewaye benci. Ina da fari, muka shiga buɗin wasan da ake kira Fried Liver, inda fari ke ba da doki a f7. Doki ya ci f7, sarki ya ci doki, sarauniya ta ba da cek a f3, sarkinsa ya fito e6. Zuciyata na bugawa, ina ganin wasa ya ƙare. Maimakon in fito da ɗaya dokin zuwa c3 ya ƙara danna dokinsa da ke d5, sai daɗin cek ya ɗebe ni, na kai sarauniya h3. Mutumin ya tura sarki d6 hankali kwance. Sai a lokacin na lura bishof ɗinsa na c8 ya buɗe, yana kallon sarauniyata. Na ja da baya, ya fito da bishof e6, ya ci gaba da shirya gidansa, ni kuwa doki da bishof da ruk na ɓangaren sarauniya ko motsi ba su yi ba. Doki guda na bayar a kan soja ɗaya, a banza.

Cinye ni da aka yi bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Mutumin nan ya girme ni, ina ce masa yaya, ina gaishe shi da ladabi. Ya tsayar da wasa, ya kira waɗanda ke wajen mai shayi su zo su gani. Ya ce wannan ba ches ba ce, caca ce, in koma in koyi dara da yara. Ya ɗauki hoton allon ya sa a WhatsApp. Sati uku duk inda muka haɗu sai ya tambaye ni ko na samo dokina. Da ya zaunar da ni minti biyar ya nuna min kuskuren, da har gobe ina yi masa addu'a. Bai yi ba. Na hau keke napep zuwa Tudun Wada ban san lokacin da muka iso ba, na yi wata biyu ban taɓa allo ba. Har yau in na bi ta layin nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

To, kada ka bar gambit saboda bakin mutane. Abin da na gane daga baya shi ne, idan ka ba da doki lokaci ka saya da shi, kuma lokacin nan na fito da sauran 'ya'yanka ne. Sarauniya da bishof su biyu ba sa kashe sarkin da ke da mataimaka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin ka sadaukar, ƙirga nawa naka za su iso wurin cikin motsi biyu, nawa nasa za su tare.

Ka ɗora wasan Anderssen da Kieseritzky na Landan, 1851, a kan allo na gaske, ba a waya ba. Buɗin wasan da ake kira King's Gambit ne, Anderssen na riƙe da fari. Kowa na maganar yadda Anderssen ya ba da bishof, da ruk biyu, da sarauniya, ya yi kisa a motsi na 23 da doki biyu da bishof ɗaya. Ni abin da ya buɗe min ido shi ne motsi na 18 da na 19, bishof zuwa d6 da soja zuwa e5. Babu cek ko ɗaya a cikinsu. Sojan nan na e5 ya toshe wa sarauniyar baƙi hanyar komawa ta kare g7. Kuma har aka gama, ruk biyun Kieseritzky da bishof ɗinsa na c8 suna inda aka jera su tun farko. Irin laifin da na yi a Sabon Gari ke nan, ni da nake mai hari.

Idan kuwa cek a jere kake so, duba Edward Lasker da George Thomas, 1912. Lasker ya ba da sarauniya a h7, ya koro sarki daga g8 har g1. Amma a can babu inda sarkin ke da mafita. Ka lissafa har ƙarshe kafin ka taɓa, in lissafi ya yanke a tsakiya ka dakata.

Wani abu kuma, ka rage wasan minti uku a waya. Shi ya lalata ni. Kana cin mutane da tarko ɗaya sai ka ɗauka ka iya, ranar da ka haɗu da mai riƙe da baƙi da ya san kariyar kai doki zuwa a5 a motsi na 5, Fried Liver ɗin ma ba za ta samu ba. Ka gwada gambit ɗin da ake kira Evans, soja ɗaya kawai kake bayarwa a b4, kuma da ita Kasparov ya ci Anand a Riga a 1995 cikin motsi 25. Duk wanda ya ce maka gambit wasan yara ne, ka nuna masa wannan.

Kuma don Allah ku manyanmu na wannan zaure, in yaro ya yi kuskure ku gyara masa a asirce.

Ka turo motsin wasanka na ƙarshe mu duba inda harin ya mutu. In kana kusa da Samaru, ranar Asabar bayan la'asar zan fito da allo, ka riƙe baƙi ni in riƙe fari mu bi ta c3 ɗin nan tare.