LyX na tsayawa a kan Ƙ duk lokacin da na ba shi umarni daga tagar umarni: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Hausa, kuma na rubuta darussana cikin manhajar rubutu ta LyX, babi 14, kowanne da fayil nasa. Na gaji da buɗe su ɗaya bayan ɗaya don fitar da PDF. Wani ɗalibina ya nuna mini in rubuta lyx -e pdf2 babi1.lyx a tagar umarni. Wasu babobin sun fita, amma da ya zo kan wanda take ya fara da "Ƙa'idojin rubutu" sai ya tsaya yana ƙorafin harafi. Akwai umarnin da zan ƙara ya wuce wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Akwai umarnin da ke sa LyX ya kau da kai daga harafin da ya ɓace, amma ba shi ne maganin ba, kuma zan faɗi dalili a ƙasa. Ɗalibinka bai yi laifi ba, hanyar da ya nuna maka ce ba ta dace da rubutun Hausa ba.

LyX ba shi ne ke tsara shafi da kansa ba. Matthias Ettrich ya fara shi a 1995 don mutum ya rubuta takarda ba tare da ya haddace umarnin LaTeX, wato tsarin tsara shafi ta rubuta umarni, ba. Idan ka ce a fitar da PDF, sai ya juya rubutunka zuwa LaTeX, ya miƙa wa wani inji daga dangin TeX, wanda Donald Knuth ya soma a 1978. Injinan nan ba ɗaya ba ne, kuma lambar da ke bayan pdf ita ke zaɓar wanda zai yi aikin. Pdf2 na nufin pdflatex, pdf4 XeTeX, pdf5 kuma LuaTeX.

To pdflatex tsoho ne, ya girma kafin Unicode, wato tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lamba a kwamfuta, ya zama ruwan dare. Bai san ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye ba. Abin da LyX ke yi shi ne ya duba wani jadawali nasa, ya musanya kowane baƙon harafi da umarnin LaTeX. Ƙananan ƙ, ɗ, ɓ sukan samu mafita ta haruffan da masana furuci ke amfani da su, shi ya sa wasu babobinka suka fita. Sai dai haruffan furuci ba su da manya. Ranar da babban Ƙ ya zo a farkon take, nan ake cijewa. Kuma ko waɗanda suka fita ɗin, ka buɗe PDF ka ƙura ido a kan kalma kamar "ɗalibi": sau da yawa za ka ga ɗ ɗin ta ɗan bambanta da maƙwabtanta, kamar an aro ta daga wani gida. Aro ɗin kuwa aka yi.

Gyaran yana cikin fayil ɗin, ba a tagar umarni ba. Buɗe babin, shiga Document, sai Settings, sai Fonts, ka sa alama a akwatin da ke cewa Use non-TeX fonts. Daga nan ka zaɓi samfurin haruffa da ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa, manya da ƙanana. Ni Charis SIL nake sawa a littafin karatu, don yana da daɗin karantawa ko da an buga shi a takarda mai araha. Gentium ma yana da su, haka Noto Serif. Idan kana da abokan aiki a Nijar da ke rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y, waɗannan samfuran duk suna da ita. Ka yi wannan a kowane babi. Eh, sau 14, amma sau ɗaya ne a rayuwar fayil ɗin.

Bayan haka umarninka ya zama:

lyx -e pdf4 babi1.lyx

XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, yana karanta Unicode kai tsaye, yana kuma ɗaukar samfuran haruffan da ke kan kwamfutarka. Ka lura, da zarar ka kunna akwatin can, pdf2 ba zai ƙara yi wa fayil ɗin aiki ba. Kada ka tsorata, haka aka tsara shi.

Yanzu ga abin da ya kawo ka, wato fitar da duka a tashi ɗaya. A Linux ko Mac, ka shiga foldar ka rubuta:

for f in *.lyx; do lyx -e pdf4 "$f"; done

A Windows kuma, cikin CMD:

for %f in (*.lyx) do lyx -e pdf4 "%f"

Idan ka ajiye wannan layin a fayil mai ƙarewa da .bat, sai ka ninka alamar, %f ta koma %%f. Wannan ƙaramin abu ya taɓa cinye mini rabin yini. Idan kuma Windows ya ce bai san lyx ba, ka rubuta cikakkiyar hanyar inda aka girka shi tsakanin alamomin zance, saboda sararin da ke cikin sunan Program Files.

Akwai ƙarin umarni biyu da za su yi maka amfani. Babban -E yana ba ka damar sa wa sakamakon suna da wurin zama: lyx -E pdf4 bugu/darasi1.pdf babi1.lyx. Shi kuma -v yana nuna maka umarnin da LyX ke aika wa sauran shirye-shirye a bayan fage, abin da za ka so gani ranar da aiki ya tsaya ba bayani. Sauran duka suna cikin lyx -help.

Sai umarnin da ka tambaya. Ana iya rubuta --ignore-error-message missing_glyphs, LyX ya kau da kai idan samfurin da ka zaɓa bayan kunna akwatin can ba shi da wani harafi, amma ba ya wuce da cijewar pdf2. PDF zai fito kuwa, amma harafin ba zai fito daidai ba: ko a bar gurbinsa, ko a sa ɗan akwati. Ka yi tunanin ɗalibi ya buɗe darasin ƙa'idojin rubutu ya tarar da "ƙasa" ta zama "asa". Masu LyX da kansu sun yi gargaɗin kada a yi amfani da shi a takardar ƙarshe, ni kuma ina ganin a rubutun Hausa ko a gwaji bai da wani amfani, tunda haruffan da zai ɓoye maka su ne ainihin abin da kake son tabbatarwa.

Abu na ƙarshe, ka tambayi kanka ko PDF 14 kake so, ko littafi guda. Idan kowane mako kake raba wa ɗalibai babi ɗaya, layin can na sama ya wadatar. Idan kuwa littafi ne, kowane babi zai fara daga shafi na 1, kuma inda ka ce "duba babi na 3" zai fito da alamar tambaya biyu a maimakon lamba. A nan sai ka buɗe sabon fayil, ka kira shi littafi.lyx, ka shigo da babobin ta Insert, File, Child Document, ka zaɓi Include. Saitin haruffan wannan uwar fayil ɗin shi zai hau kan duka babobin, don haka nan ma ka kunna akwatin ka zaɓi Charis SIL, sannan ka rubuta lyx -e pdf4 littafi.lyx sau ɗaya.